Ranar da Majo Ya Zauna Kan Tabarma

Kafin in kai ga ranar Larabar da har gobe ba zan manta da ita ba, bari in fara gaya muku abin da na yi wata biyu ina kwana ina tashi da shi. Yarinyar da na haifa ce ta fara karkata kai. In ta zauna kallon tele sai ta kwantar da kanta bisa kafaɗar hagu, ta ja wuya baya, ta runtse ido guda kamar mai zura zare a allura. Shekararta uku a lokacin. Ɗiyar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba, kuma ba ni da halin in tsaya gaban mutane in ce na damu da ita. Sai dai in tana barcin rana in lallaɓa in ɗaga fatar idon in leƙa, ni da ban san ma abin da nake nema ba.

Sunana Barira. Ni mai shara ce a likitar wani gari, wato ƙaramin asibiti, cikin ƙasar Mayahi. Ga wanda bai san tsarin wurin ba, majo ne babba, shi ke duba marasa lafiya, shi ke sa hannu a takarda. Bayansa sai madam mai karɓar haihuwa, sai mai ba da magani, sai Dije ungozoma wadda ta girmi ginin kansa, sai gardi mai tsaron ƙofa, sai ni. Ƙasa da ni babu kowa sai tsintsiya. Aikina shara da wanki da ɗebo ruwa, da shimfiɗa tabarmi a rumfar awo, rumfar da mata ke jira a auna yaransu a yi musu allura. Ni ce kuma mai kunna tele.

Telen wani poroje ne, wato shirin taimako, ya kawo mana shi da panno mai ɗaukar hasken rana da batir, don mata su riƙa kallo kafin layi ya zo kansu. Fim huɗu ne a ciki suna zagayawa: shayarwa, wankin hannu, gidan sauro, da tace ruwa. Ranar da za a rataya shi majo ya ce a kai shi can sama gab da kwano, saboda hannun yara da awakin maƙwabta. Aka kai shi, ya manne da bango yana kallon gabansa kamar soja.

Mu kuwa mata wurin zamanmu ɗaya ne, kan tabarma, gab da wannan bangon. Nan inuwa ke daɗewa, nan kuma sikeli yake, in kin yi nisa wata ta shige gabanki. Benci biyu da ke can baya na maza ne, masu rako da masu jiran magani. Yarinyar tawa ina zaunar da ita can gefe kusa da bokitina, inda zan riƙa hango ta daga ƙofar ɗakin haihuwa.

Daga kan tabarmar, mutanen cikin tele baƙi wuluk suke kamar gindin tukunya, haƙoransu kawai ke haske. A fim ɗin tace ruwa ana nuna kofi biyu, a ce wannan mai tsabta ne, wannan na tabki ne, mu kuwa duk launi guda muke gani. Dije ta ce ai a wata ƙasa aka ɗauka inda rana ta ƙone kowa. Babu wadda ta yi ƙorafi, kyauta ce aka ba mu. Ni na lura in ina shara can baya mutanen suna washewa, in na matso su dushe, amma na ɗauka halin batir ne. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wuyan yarinyar ba.

Uwar mijina ce ta haɗa, amma ta wata hanya. Iya muke ce mata, tana zaune wani ƙauye wajen Kanan-Bakashe. Ta zo a duba mata gwiwa, ta ga yarinyar kai a karkace, ido guda a rufe. Ta bari sai da muka koma gida. Nan ta ce harara-garke ne ke farawa, tele ne ke shanye wa yarinya ido, kuma dama tun yaye ya kamata a ba ta ita aka yi ta ja. Ta ce in haɗa mata kayanta, Alhamis ta sama za ta zo ta tafi da ita. Mijina yana ci-rani a Aljeriya, na kira shi ya ce yadda Iya ta ce haka za a yi. Ni ma na ce to. Mace ba ta jayayya a kan ɗiyar fari, sai a ce ba ta da kunya.

Cikin satin da Iya za ta zo ne, ranar Litinin, majo ya tara mu ya ce baƙi za su zo daga Maradi su yi anket a kan tele, kwana uku, Talata zuwa Alhamis. Anket shi ne a zo da takardu a yi ta tambayar mutane ana rubutawa. Ya ce ba za a taso daga Maradi a tarar da matanmu zube a ƙasa ba. Ya sa aka aro bencina daga lakwal, wato makarantar boko, kujeru daga meri, ofishin magajin gari, aka jera su layi-layi tsakiyar rumfa kamar za a yi taron siyasa. Tabarmi kuwa ya ce in naɗe in kulle a magaza, ɗakin ajiyarmu. Ya ƙara da cewa kada kowa ya yi magana sai an tambaye shi, kuma da ya zo nan ni ya kalla.

Talata suka iso su biyu. Akwai Mushe Isufu, wato Malam Isufu da Faransanci, ƙaton mutum mai tumbi, wandonsa ya kama shi, bik uku na rubutu a aljihun riga. Akwai Madam Ramatu, siririya, ba za ta girme ni da yawa ba. Ita ce ta yi wa mata bayani, ta ce so suke su san yadda mutane ke zama gaban tele, da daɗewar da suke yi suna kallo, da ko suna gani sosai, don a san inda za a rataya na sauran likitoci.

Ga yadda aikin yake. Mushe ya sa metir, igiyar awo, ya auna daga ƙasa zuwa idon mace, sa'annan daga idonta zuwa tele. Yana da wani abu kamar rabin faifai mai lambobi da zare a rataye, ya kara shi gefen fuskarta ya ga iyakar yadda take ɗaga wuya. Madam kuma tana riƙe da agogo, tana duban lokacin da mace za ta kau da kai, daga baya ta yi mata tambayoyi ta cika takarda.

Da kun ga matan nan bisa benci da kun yi dariya. Mai goyo ta rasa yadda za ta jingina, mai tagwaye ta rasa inda za ta ajiye ɗaya. Wasu Fulani biyu da suka biyo da nono za su kasuwa suka ɗora ƙoransu bisa kujera suka tsugunna gefe, sai da majo ya yi musu ido suka sauya, su bisa kujera ƙorai a cinya. Duk wadda aka tambaya ko tana gani da kyau, amsa guda ce: lahiya lau. Har wata tsohuwa da ta rako jikanta ta ce tana gani tar, Dije ta raɗa mini cewa tsohuwar nan ta yi shekaru ba ta ga tafin hannunta ba. Ban ga laifinsu ba. Baƙo ya sha rana ya zo daga nesa, ba ka ce masa kayansa ba kyau. Wasu kuma tsoro suke ji, in an kushe a cire telen a kai wani gari. Mushe ya yi ta rubutu yana gyaɗa kai, majo yana tsaye bakin biro, wato ofishinsa, yana murmushi kamar shi ya ƙera telen.

Ni kuwa abu guda na gani, metir a gefen idon mutane. Na ce a raina waɗannan masanan ido ne, Allah ne ya kawo mini su kwana biyu kafin Alhamis.

Laraba da hantsi aka kawo wani manomi da gatari ya sare wa ƙafa, majo ya shiga ɗinki ya rufo ƙofa. Madam Ramatu ta fito wanke hannu, na ɗauki buta ina zuba mata.

Na ce, "Madam, don Allah in kun gama da manya, ku auna mini idon yarinyar can."

Ta ce, "Ɗiyarki ce?"

Na ce, "Ta gidanmu ce."

Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce ita ma har yau haka uwarta ke faɗi a kanta. Sa'annan ta ce gaskiya ita ba likitar ido ba ce, amma in nuna mata abin da yarinyar ke yi. Na ɗauko ta na ɗora bisa benci. Yarinyar nan ta zauna cak, kai a miƙe, ido biyu a buɗe, tana kallon gidan sauro kamar ba ita ba. Kunya ta rufe ni, na zama kamar wadda ta ƙirƙiri ciwo don a ba ta wani abu.

Bakina ne ya riga ni. Na ce, "Ai ba nan take zama ba."

Madam ta ce, "Ina take zama?"

Na dubi ƙofar majo. Na san in na buɗe magaza na tona masa asiri gaban baƙinsa, kuma mai shara ba ta da wuyar sauyawa, mata goma ke jiran tsintsiyar nan. Na kuma san gobe Alhamis. Na kwance makulli daga bakin zanina na je na ɗauko tabarma guda, na shimfiɗa ta inda take kwanciya kullum, na zaunar da yarinyar. Ko minti ba a yi ba kai ya kwanta bisa kafaɗa, ido guda ya rufe.

Madam ba ta taɓa yarinyar ba. Ta tattare leshinta ta zauna kusa da ita, ta sunkuya har kansu ya zo daidai, ta ɗaga ido. Ina tsaye ina kallo, sai ga kan Madam yana karkata a hankali, ta ja wuya baya, ta runtse ido guda. Su biyu jere, kamar an buga su a maƙera ɗaya.

Ta kira Mushe da Faransanci. Ya zo ya ce daga tsaye ma yana gani. Ta ce sai ya zauna. Ya dafa benci ya sauke gwiwa guda, wandon ya yi wata ƙara da duk rumfar ta ji, matan suka sunkuyar da kai suna cizon bakin mayafi. Da ya kai ƙasa ya ɗaga kai, shi ma wuyan ya tafi. Ya tambaye ni tun yaushe ake zama haka. Na ce tun kafin a kawo tele. Ya ce bencinan fa? Na ce na lakwal ne, shekaranjiya aka aro su, ɗalibai suna can zaune a ƙasa.

Matan da suka ga tabarma ta fito, magaza kuma a buɗe, ba su jira izinin kowa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zame daga benci, kowa ta jawo tabarma ta koma wurinta na kullum ta miƙe ƙafa. Fulanin nan, da suka sake biyowa ranar, suka mayar da ƙoransu bisa kujeru. Haka majo ya fito ya tarar, safar hannu ba ta ma cire ba: bencina wayam, mata a ƙasa, baƙinsa na Maradi a tsakiyarsu wuya a karkace.

Idonsa ya zo kaina ya tsaya. Kafin ya buɗe baki Madam ta ce, "Majo, zo ka ga wani abu." Ta matsa masa. Mutumin nan tunda aka kawo shi garin ba a taɓa ganin shi kan tabarmar rumfa ba, daga bakin biro yake hango telensa, a tsaye. Ya zauna a gefe-gefe kamar tabarmar za ta cije shi. Ya duba, ya daɗe, ya ce batir ne ya yi sanyi. Madam ta ce ya tashi ya ja baya. Ya tashi, mutanen suka washe. Ta ce ya dawo ya zauna, suka dushe. Sau uku yana tashi yana zama kamar ɗan lakwal da aka sa horo, Dije tana ƙirgawa da yatsa a bayan zaninta.

Nan Madam ta yi mana bayani. Ta ce irin wannan telen an yi shi ne a kalle shi fuska da fuska. In kana ƙarƙashinsa ko can gefe, hoton sai ya yi duhu. Ta ce a ganinta yarinyar neman inda hoton ke buɗewa take yi, shi ya sa take juya kai. Amma ta sake cewa ita ba likitar ido ba ce, in an gyara zaman tele yarinyar ba ta daina ba, in kai ta a duba ta. Mushe kuwa yana can yana juya takardun jiya, yana cewa duk aikin banza ne, sun auna zaman da babu shi. Suka sake farawa daga farko, wannan karon a durƙushe.

Bayan azahar majo ya kira ni biro.

Ya ce, "Na ce a kulle tabarmi ko ban ce ba?"

Na ce, "Ka ce."

"To mi ya kai ki?"

Na ce, "Madam ce ta tambaye ni. Kai ka ce in an tambaye mu mu amsa."

Ya buga bik bisa tebur. Ya ce na kunyata shi gaban manya, ya ce da wani majo ne da yau na ajiye tsintsiya. Hukuncin da ya yanke shi ne in mayar da bencinan lakwal ni kaɗai, a kaina. Na yi godiya na fito. Game da telen kuwa ya ce ba a taɓa kayan poroje sai an rubuta takarda zuwa distirik, babban ofishin lafiya da ke kanmu, an sami amsa, don haka yana nan sama inda yake. Lokacin na ji haushi. Daga baya na gane wannan jinkirin ne ya taimake ni.

Alhamis Iya ta iso bisa kabu-kabu, babur na haya, da sabon zanen goyo a ninke, ta ce wa mai babur ya dawo kafin azahar. Ni ba ni da bakin yi mata bayani. In na ce Iya ba ido ba ne, na zama mai gardama da uwar miji, kuma a kan ɗiyar fari. Abin da na iya shi ne aikina. Na shimfiɗa mata tabarma mafi sabunta, daidai wurin da yarinyar ke zama, na kawo mata ruwa, na kunna tele, na koma shara. Dije kaɗai na gaya wa dabarata, da safe.

Iya ta sha ruwa, ta gaisa da mata, ta yi ta ba su labarin gwiwarta. Can idonta ya hau sama. Ina share wuri ɗaya har ƙasa ta fara rami, ina satar kallonta. Kallabin ya fara jirkicewa, kai ya bi shi, ido guda ya rufe.

Dije sa'ar Iya ce, tare suka yi ƴammatanci, ita ce mai iya faɗi. Ta ce, "Ashe gado ne. Harara-garken daga wajen kaka ya hito."

Iya ta miƙe wuya da sauri ta ce Dije ta kiyaye ta. Daidai nan Madam ta iso kanta da takarda, ta durƙusa ta gaishe ta, Mushe ya auna abin da zai auna. Majo yana tsaye kusa, hannu a baya. Madam ta yi tambayar da ta yi wa kowa: Iya, kina gani da kyau?

Iya ta ce, "In ga mi? Mutane awa an shafa musu baƙin tukunya. Wane mara tunani ne ya kai shi can sama?"

Majo ya duba agogonsa ya tuna yana da aiki a biro. Madam ta sunkuya tana rubutu, kafaɗunta na rawa don dariya. Cikin duk matan da aka tambaya kwana uku, Iya ce ta fara faɗin gaskiya ba tare da an lallashe ta ba, don ita ba ta san telen na wa ba ne, kuma ko ta sani ba ta damu ba.

Dije ta kama hannunta ta kai ta can baya, jikar tana biye da su, suka zauna bisa bencin maza. Iya ta dubi tele, ta dubi yarinyar da ke kallo kai a miƙe, ta sake duban tele. Da mai babur ya dawo ta tashi ta gyara mayafi, ta kira ni, na zo na durƙusa. Ta ce ta lura yarinyar nan ta cika ci, ita kuwa rumbunta ya yi ƙasa bana, a bar ta nan tukuna, bayan girbi a gani. Ta sa zanen goyon a hammata ta hau babur. Na ce to, Allah ya kiyaye hanya, kamar yadda na ce to ranar farko. Sa'annan na shiga magaza na jawo ƙofa, na yi kukan da ba a yi gaban mutane a kan ɗiyar fari.

Amsar distirik ba ta zo ba sai da damina ta kama. Aka kawo mai walda ya sauko da telen, ya ɗan sunkuyar da shi yana kallon tabarmi, aka yi masa keji saboda awaki. Ranar ne matan garinmu suka gane cewa matar cikin fim ɗin shayarwa atamfa ja take sanye da ita. Yarinyar ta daina karkata kai. Girbi ya zo ya wuce, Iya ba ta tada maganar ba, ni ma ban tuna mata ba. Har yanzu dai in yarinyar ta sosa ido gabana sai ya faɗi, wannan kam ba na jin akwai mai gyara shi.

Abin da na koya shi ne aikinmu cike yake da mutanen kirki masu ɓata abu don girmamawa. Majo ba mugu ba ne, so ya yi a ga likitarsa da kyau. Matan ba maƙaryata ba ne, baƙo suka ji wa kunya. Baƙin ma sun iya aikinsu, metir ɗinsu bai yi ƙarya ba, abin da aka jera musu suka auna. Da an bar mu haka, da an tafi da takarda an rataya wa wasu garuruwan tele daidai idon mutanen da ke bisa bencin aro.

Don haka ga roƙona, ku da ake aikowa ku tambaye mu, ko a kan tele ne ko a kan wani abu daban. Kada ku faɗi ranar da za ku zo. In kun iso ku gaida majo, hakkinsa ne, sa'annan ku nemi mai shara ku ce ta nuna muku inda mutane ke zama in babu baƙi. Ku zauna nan tukuna kafin ku rubuta komai.